Lomar da Ban Haɗiye Ba

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a kaina, kuma na san har yau akwai waɗanda in an ambaci sunana a wurin biki sai su sunkuyar da kai suna murmushi. An ce uwarku Rabi an kore ta daga aiki saboda kwaɗayi, an kama ta tana cin naman mutane a ɓoye, ga bidiyo shaida. Shekara tara ke nan ina danne wannan magana a cikina. Yanzu gwiwoyina sun fara ƙin ɗaukata, idona ma sai da tabarau, kuma ban ga dalilin da zai sa in tafi kabari da ita ba. Zan rubuta yadda abin ya faru, kuma ke Zeinabu, babbar 'yata, ke nake so ki fara karantawa, don ke kika fi kowa yarda da abin da kika gani.

Kafin wannan aiki ni mai dahuwar biki ce, kamar yadda Innata ta kasance. A tsohon gari, daga bayan babban masallaci har zuwa kasuwa, babu gidan da ban ɗora tukunya a cikinsa ba, na aure ko na suna ko na sadakar mamaci. Inna ba ta bar mini zinari ba, ba ta bar mini gida ba, abin da ta bar mini doka ɗaya ce: ba a fitar da abinci ga baƙi sai mai dahuwa ta ci loma ta farko a gaban masu gida. Ranar da na fara dafa shinkafar biki ni kaɗai, ɗoki ya sa na fara zubawa a akushi ban ɗanɗana ba. Ta buge mini hannu da muciya a gaban mata, har yau ina jin zafin a wuyan hannuna.

"Abin da ba ki sa ma bakinki ba, Rabi, kar ki sa shi ga bakin ɗan wani," in ji ta.

Babanku, Malam Abdu, baduku ne, kun sani. Lokacin da baƙi 'yan yawon buɗe ido suka daina zuwa Agadez, jakunkunansa da takalmansa suka yi ta rataye a rumfa har fatar ta bushe ta tsage. Shi mutum ne mai haƙuri, ni kuwa Allah bai yi ni da shi ba. Biki ba kullum ake yi ba, cin abinci kuwa kullum ne, ga ku huɗu, ga ke Zeinabu kin shiga lise, babbar sakandare. A wannan shekarar ne wani saurayi da ya yi zaman waje ya dawo ya buɗe gidan abinci na zamani a bakin titi, kusa da tasha, irin wanda ake tsayawa a saya a wuce: soyayyar kaza, firit na dankali, sanwic. Ba zan rubuta sunansa ba, ba zan rubuta sunan gidan ba, Patron muke ce masa, wato maigida, Patron zan ce masa a nan. Da ƙafarsa ya zo gidanmu, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni kamar ɗan kirki. Ya ce mutanen gari ba za su ci abincin da ya fito daga bayan gilashi ba sai sun san hannun da ya yi shi, kuma babu hannun da aka sani kamar nawa. Daɗin bakin ya shige ni, na ce to.

Sai da na shiga na gane ba hannuna yake so ba, fuskata yake so. Babu abin da ake dafawa a wurin nan. Kaji suna zuwa a kwali cikin kamiyo, babbar motar kaya, a daskare kamar dutse, ba ka san wanda ya yanka su ba, ba ka san yaushe ba. Dankalin a yanke yake zuwa cikin leda. Yajin ma a ƙulle yake, an auna, ba a ƙarawa ba a ragewa. Aikina in zuba a mai, wata na'ura ta yi ƙara, in kwashe, in zuba wani. Ni da na shekara ashirin ina sanin nunar nama da hancina, na koma baiwar wani ƙarfe mai kuka. Aka ɗaura mini tabliye ja, ƙyallen gaba na masu dahuwa, aka ɗora mini wata hula a kan ɗankwalina, aka tsayar da ni daidai tagar da ake miƙo abinci don duk wanda ya shigo ya ga Rabi ce a ciki. Daga hantsi har magariba a tsaye nake, babu kujera ko ɗaya a kicin ɗin, wai in akwai kujera za a zauna. A bazara, zafin gari daban, zafin mai daban, gumi yana bin bayana har cikin takalmi. Ku dubi hannayena, waɗannan ɗigo-ɗigon baƙaƙe duk tsartuwar mai ce ta wannan shekarar. Salla ma bi da bi ake yi, a gaggauce, a wani lungu tsakanin kwalaye, kana sujada kana jin ana kiran lamba.

Kowane mai saye minti uku gare shi, daga biya zuwa karɓa. Direbobin da ke shirin kama hanyar Dirku su zo su goma a lokaci ɗaya, kowa yana buga tebur, kowa motarsa za ta tashi. Wannan duk na iya jurewa. Abin da ya fara ƙona mini rai shi ne gaisuwa. Wata tsohuwa ƙawar Innata ta shigo sayen abinci wa jikokinta, ta gan ni a taga, ta fara tambayar gida da yara da jikin Malam. Ina cikin amsawa sai ga Patron a bayana, shi da yake ce mini Tanti, wato goggo.

"Tanti, ici c'est trois minutes. Nan ba a gaisuwa, saidawa ake."

A gaban tsohuwar ya faɗa. Na miƙa mata ledarta ban gama tambayar ƙafarta mai ciwo ba, kuma daga ranar ba ta sake kallona da ido irin na da ba.

Akwai dokoki biyu da na fi tsana. Ta farko, ma'aikaci ba ya sa komai a baki, ko ƙwayar dankali ɗaya, ko da sunan ɗanɗano ne. Ya kafa kamera a saman kicin, yana zaune a ofishinsa cikin sanyi yana kallonmu. Ta biyu, duk abin da aka soya ya yi awa biyu ba a saya ba, a juye shi a bokiti a zuba masa ruwan jabel, wannan mai warin da ake wanke ƙasa da shi. Wai in an bar ma'aikata su tafi da ragowa, za su riƙa soya da yawa da gangan. Ni aka ba wannan aiki. Kaza lafiyayya, da ɗuminta, in tsiyaya mata guba da hannuna, alhali Usaini, mutumin da muke suya tare, mai mata da 'ya'ya biyar, yana tsaye yana kallo, tun safe ruwa kawai ya sha. Ni ma na san abin da na baro a tukunyar gidana. Na yi wa Patron magana sau biyu, ya ce haka ake yi a duk duniya. Na ce to duniyar nan ba ta da albarka, ya yi dariya ya ce Tanti akwai ban dariya. Wata goma sha ɗaya ina zuba jabel ɗin nan, kuma babu ranar da na zuba ban tsine wa aikin a zuciyata ba.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba. Kun san Hajiya Mariama, maƙwabciyarmu ta gidan mai ƙofar kore, Allah ya jiƙanta. Gidansu gidan dahuwa ne tun kakanni, matan gidan suna alfahari ba a taɓa shigo musu da abincin waje ba. Da za ta aurar da ɗanta Buraima, dangin amarya daga garin Cirozerin za su zo, mutanen ma'aikata, waɗanda suka saba da cin kaza da firit. Hajiya ta tsufa, 'ya'yanta mata suna nesa, kuma tana tsoron a raina ta. Ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta ce tana so a soya mata kaji arba'in a wurin aikinmu, amma za ta ba ni manyan kulolinta in zuba a ciki, in shigo da su ta ƙofar baya ranar Juma'a kafin a sauko daga masallaci, a ce a gida aka yi. Ta kama hannuna ta ce saboda ni ta yarda, don ta san abin da ya bi ta hannuna ba ya cutarwa.

"Amana ce, Rabi. Ko Malam Abdu kar shi ji. In anka ji, na mutu da kunya cikin garin ga."

Na ce na ɗauka. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Ranar Laraba wuta ta ɗauke a layinmu, ba ta dawo ba sai daren Alhamis. Akwai injin wuta a bayan gidan, amma Patron ya ce man gazuwal da injin yake sha ya yi tsada, a kunna shi don fitilu da fankar masu saye kawai, babban firigo a bar shi a rufe, sanyinsa zai riƙe. A watan da ko ruwan randa yake yin ɗumi! Safiyar Juma'a na buɗe firigon nan, wari ya bugi fuskata. Wuta ta dawo ta fara daskarar da saman, amma na ƙasa sun yi laushi, fatar tana santsi, ruwa-ruwa ja ya taru a gindin kwalayen. Na kira Patron. Ya leƙa, ya toshe hanci da hankici, ya ce ba komai, a wanke da ruwan tsami na binegar, a ninka yaji, a soya sau biyu, mai mai zafi yana kashe komai. Yajin da ya hana ni ƙara ko tsunkule ɗaya wata goma sha ɗaya, yau shi ne a ninka. Ya koma ofis ya rufe ƙofa.

Na tsaya ina kallon kulolin Hajiya a jere. Na ce wa kaina wataƙila hancina ne ya tsufa, wataƙila yaron nan ya san abin da ban sani ba. Na wanke guda ɗaya kamar yadda ya ce, na soya. Ta fito ja, kyakkyawa, tana ƙamshin yaji, wallahi da a faranti aka kawo muku da kun ci. Sai na ji zafin muciyar Inna a wuyan hannuna. Na waiga dama, na waiga hagu, ba zan ɓoye muku ba, na waiga, don na san doka ta hana. Na yagi tsoka daga kusa da ƙashi na sa a baki. Tauna biyu na yi. Ɗaci da tsami da wani abu kamar ƙarfe suka cika mini baki, na tofar a tafin hannuna, na ruga wurin famfo ina kakarin amai.

Na ɗora sauran kazar a faranti na tura ƙofar ofishinsa ban yi sallama ba. Na ajiye a kan takardunsa.

"Ci," na ce.

"Tanti, mi ke damunki?"

"Ni na ci tawa loma. Kai ne mai gida, ci taka. In ka haɗiye, in soya sauran."

Ya dubi kazar, ya dube ni, ya ture farantin da bayan alƙalami. Bai ko taɓa da yatsa ba. Ya ce in ba zan soya ba Usaini zai soya, kuma in na fita ƙofar nan kada in dawo. Na san Usaini zai soya, ba don mugunta ba, don bakuna shida suna jiransa a gida. Na koma kicin, na ɗauko jarkar jabel, sabuwa cikakkiya, na buɗe firigo na tsiyaye ta kaf a kan kwalayen nan, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke ƙasa. A duk zaman da na yi a gidan, ranar ce kaɗai na zuba jabel a inda ya dace, kuma ranar ce aka kore ni. Na kwance tabliye na ajiye, na cire hular, na tare 'yan kabu-kabu biyu masu babur, muka ɗaure kulolin Hajiya babu komai a ciki.

Hajiya da ta ji, ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Na ce ba lokacin kuka ba ne. Aka ruga kasuwa aka kwaso abin da aka samu na kaji masu rai, aka yanka awaki biyu aka cika, na tara matan layi aka hura wuta wuri huɗu. Kafin maza su sauko daga masallaci abinci ya nuna, na ci loma ta farko a gaban Hajiya, aka fitar. Mutanen Cirozerin suka ci suka suɗe hannu, suka ce lalle gidan nan ba a banza ya yi suna ba. Hajiya tana tsaye tana karɓar yabo tana cewa ai ba komai, abin gado ne. Ban ji haushi ba a ranar, na ma ji daɗi.

Kwana uku bayan haka bidiyon ya fito. Masu saye sun fara tambayar ina Tanti Rabi, Patron kuma yana tsoron in riga shi magana, sai ya riga ni. Ya yanko daga kamerarsa daidai inda na waiga dama da hagu, na yagi nama, na sa a baki ina tauna, ya datse a nan. Ya rubuta a ƙasa cewa ga dalilin da ya sa suka sallami ma'aikaciyarsu, don su gidan tsabta da amana ne. Kafin la'asar babu wayar da bai shiga ba a Agadez. Wani ɗan banza ma ya sa masa kiɗa. Na ce wa mutane kazar ruɓaɓɓiya ce, ɗanɗanawa na yi. Suka ce to wa ya gani? Usaini ya gani, amma da na same shi sai ya kasa haɗa ido da ni, ban kuma matsa masa ba. Suka ce in ruɓaɓɓiya ce, ta wa ce, wa aka soya wa? A nan bakina yake mutuwa. Biki ɗaya ne a unguwarmu a wannan Juma'ar, kuma an gan ni a kan kabu-kabu da kuloli. Kalma ɗaya na ƙara, asirin Hajiya ya tonu.

Na je wurinta. Na ce ba na son komai, ta faɗa wa mata biyu ko uku gaskiya, su za su kai wa sauran. Ta buɗe akwati ta ɗauko turmin atamfa ta ɗora mini a cinya.

"Ki yi haƙuri, Rabi. Maganar mutane kwana biyu ce, wucewa za ta yi."

Na ajiye mata atamfarta a bakin gado na fito. Ba ta wuce ba. Gidajen da na yi wa dahuwa shekara ashirin suka daina aiko mini, wanda ya kira ni ma sai ya sa wata ta zauna kusa da tukunyar nama tana lura da hannuna. Na koma tuyar ƙosai a ƙofar gida, da shi na ƙarasa rainonku. Babanku ya tambaye ni sau ɗaya, na ce masa akwai amanar wani a ciki, bai sake tambaya ba har ya koma ga Allah. Shi kaɗai ne ya yarda da ni ba tare da ya ji dalili ba.

Duk wannan bai kai abin da ke kika faɗa mini ba, Zeinabu. Kin dawo daga lise idonki ya kumbura, 'yan ajinku sun yi ta kwaikwayon waigena suna tauna iska. Na zuba miki abinci kika ture. Ba ki ɗaga murya ba, da ma kin ɗaga.

"Inna, in yunwa kike ji, mi ya hana ki jira ki zo gida?"

Ban ba ki amsa ba, kika ɗauka amsar ke nan. Tun daga ranar, in kin kawo ƙawayenki gida, ta ƙofar da ba za su gan ni ba kike bi da su. Ranar aurenki kika ce kada in wahalar da kaina, kin ɗauko masu dahuwa. Na zauna a ɗaki da sabon lesi kamar baƙuwa, ina jin ƙaurin shinkafar da suka ƙona.

Hajiya ta rasu bara. Na je na yi gaisuwa, na ce na yafe mata, bakina ya faɗa, zuciyata tana tafe a baya a hankali. Bayan sadakar arba'in na sami Buraima, na ce akwai amanar mahaifiyarsa a wuyana, ina neman izni in sauke. Na ba shi labari tun daga farko. Kun san abin da ya yi? Dariya ya yi, har da buga cinya. Ya ce wai wannan ne asirin? Ai yanzu kowa daga waje yake sayo abincin biki, har a kati ake rubutawa. Ya ce in faɗa wa duk wanda nake so. Shekara tara na sunana, da sana'ata, da idon 'yata, ashe abin dariya nake gadi. Na fito daga gidan nan ban san wa zan fi jin haushi ba, Patron da ya yanke bidiyo, ko Hajiya da ta zaɓi kunyarta a kan tawa, ko ni da na riƙe. Amma in an mayar da ni wannan Juma'ar, zan sake sa naman nan a bakina, don mutum ɗari da wani abu suka ci abinci a gidan, har da masu ciki da tsofaffi, kuma kowa ya koma gidansa da ƙafarsa.

Na san bidiyon yana nan, irin waɗannan abubuwa ba sa mutuwa. Zeinabu, ki nemo shi ki sake kallo, ni na kalla fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Kada ki dubi bakina, kowa bakina ya duba. Ki dubi hannuna na hagu a daidai inda hoton ya tsaya. Za ki ga ya taso, tafin a buɗe, ya kusa kai wa haɓata. Mai cin abin sata ba ya tara hannu a ƙarƙashin bakinsa. In kin gani, ba sai kin ce mini komai ba. Sunan ɗanki saura wata biyu in Allah ya sauke ki lafiya, manyan tukwanena suna nan a ɗakin baya, na wanke su.